Tumbi ya cika, tsoka ba ta zo ba: nazarin turkar bijimai uku a gidan kawuna

Saura mako 15 Babbar Sallah, kawuna ya dawo daga kasuwar Wudil ranar wata Juma'a da bijimai uku farare, Bunaji, irin shanun da suka fi kowane iri yawa a Nijeriya, don sun haura kashi ɗaya cikin uku na garken ƙasar. Sallar shekarar ta faɗo ne a farkon damina, wato kiwon gaba ɗaya zai kama tsakiyar rani da bazara, lokacin da harawa ke tsada, ruwa ke ƙasa a rijiya. Bijiman ramammu ne, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, amma suna da ƙashi da tsayi, kuma abin da mai turka ke nema ke nan. Ɗaya babba ne, haƙoransa takwas sun cika. Ɗaya matashi ne mai haƙora huɗu. Na ukun, wanda yaran gida suka sa wa suna Mai Baƙin Kunne, shi ne mai haɗama, kowane komi ya gani sai ya kai baki.

Ni aikina a wannan kiwo shi ne riƙe littafi da awo. Ba mu da sikelin shanu, sai tef ɗin tela. Ana zagaye ƙirjin sa da shi daidai bayan ƙafafun gaba, a kuma auna tsawonsa daga kan kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. A ninka awon ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 10,840, sai a sami kimanin nauyinsa a kilo. Matashin ya ba mu santimita 148 a ƙirji da 125 a tsawo, wato kilo 250 da 'yan kai. Sauran biyun ba su yi nisa da haka ba. Awon tef kintace ne, kuma cikar ciki tana yaudararsa, shi ya sa kullum da sassafe nake yi, kafin a zuba musu komai.

Makonni biyar na kara

Tun ranar da suka iso an yi abin da ya kamata ta fuskar lafiya. An ba su maganin tsutsar ciki da na hanta, an wanke musu kaska, an ɗaure su a ƙarƙashin rumfar zana kusa da darbejiya. Inda aka sami matsala shi ne komi.

Kawu yana da tarin karan dawa a kan rumfa tun kaka, ya kuma sayo buhunan buntun shinkafa daga injin casa saboda arha. Dusar masara kuwa kwano guda ake jiƙa wa su ukun da safe, da ɗan jiƙon kanwa, ruwan ya fi dusar yawa. Lissafinsa shi ne a lallaɓa da abin da ke gida, a ajiye kuɗin dusa sai Sallah ta matso. Kuma a ido abin ya yi kyau. Da yamma za ka ga cikinsu ya yi tim, suna kwance suna tuƙa, Inna tana cewa ai ga shi sun ƙoshi.

Bayan kwana 35 na sake zagaya tef. Ƙirjin matashin ya ƙaru da santimita ɗaya tak, kimanin kilo uku zuwa huɗu. Na babban bai motsa ba. Na kai wa Kawu littafin bayan sallar la'asar.

"Kawu, ku duba nan. Sati biyar ke nan, kusan inda muka ɗauko su suke."

Ya kalli littafin, ya kalli shanun. "Kai ɗan nan, ba ka ga cikinsu ba ne? Dabbar da ke cin dami guda a yini za a ce ba ta ci?"

Gaskiyarsa, suna ci. Abin da ke cikin abincin ne bai kai ba, kuma a nan ne duk maganar take.

Kafin sa ya ƙara ko da giram ɗaya, akwai kason da jikinsa ke cirewa daga abincin yini don ya rayu kawai: numfashi, bugun zuciya, ɗumin jiki, tsayuwa, tuƙa, aikin hanta da hanji. Masana suna auna ƙarfin abinci da megajul. Sa mai kilo 250 yana ƙona kimanin megajul 30 kullum a wannan hidima, ko ya yi ƙiba ko bai yi ba. Sai abin da ya ragu a sama ne ke zama tsoka da kitse, kuma kowane kilo na ƙari yana cin wajen megajul 35 zuwa 45. Wannan rabuwa ta ƙarfin riƙe jiki da ƙarfin ƙara nauyi, wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, Lofgreen da Garrett, su ne suka tsara ta a 1968, kuma har yau a kanta ake gina lissafin abincin shanun nama.

To, busasshen karan dawa yana da kimanin megajul 7 a kowane kilo. Buntun shinkafa bai ma kai haka ba, don yawancinsa ɓawo ne mai cike da sinadarin yashi wanda tumbi ba ya iya narkarwa. Ga wani abin kuma: kara yana daɗewa a tumbi kafin ya narke, saboda haka wuri ba ya samuwa da sauri, sa ba ya iya cin fiye da kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. Kilo 5 ke nan a yini. Kilo 5 sau 7, megajul 35. A cire 30 na riƙe jiki, saura 5. Abin da biyar ɗin nan za ta gina bai wuce giram 100 da ɗoriya a yini ba, daidai da abin da tef ya nuna. Sa ya ci kusan kilo 175 na abinci a makonni biyar ya ba da kilo huɗu. Fiye da kilo 40 na abinci a kan kowane kilo ɗaya na ƙari.

Akwai kuma furotin. Ƙananan halittun da ke cikin tumbi, waɗanda su ne ainihin masu narkar da kara, suna buƙatar abinci ya ƙunshi furotin aƙalla kashi 7 cikin 100 kafin su yi aiki sosai. Karan dawa bai kai wannan ba. Saboda haka ko ɗan ƙarfin da ke cikin karan ba duka ake fitar da shi ba. Idan ka murtsuke kashin shanun a lokacin, busasshe ne mai tauri, zaren kara a fili kamar ba a tauna ba.

Ranar da aka juye buhu

Da Kawu ya gamsu cewa lokaci ya tafi, sai ya yi abin da mutane da yawa ke yi. Ya sayo dusa buhu-buhu, ya sa aka ɓarzo masa masara, kuma washegari aka cika wa kowane sa komi. Ba ni gida ranar. Inna ta ƙara musu da sauran tuwon biki da aka kawo daga maƙwabta, da niyyar alheri. Biyu suka ci suka bari. Mai Baƙin Kunne ya share nasa, igiyarsa kuma ta kai komin babban, ya share rabin wancan.

Da asuba aka same shi tsaye ya sunkuyar da kai, ba ya tuƙa, gefen cikinsa na hagu ya kumbura, idan ka girgiza shi kana jin ruwa na motsi a ciki. Zawo yake yi, ruwa-ruwa, launin toka-toka da kumfa, ga tsakin masara a ciki, warinsa mai tsami kamar ƙullun da ya kwana uku. Yana cizon haƙora, yana ɗaga ƙafa ɗaya ya sauke ya ɗaga wata, kamar ƙasar tana ƙona shi. Ban taɓa ganin Kawu ya yi shiru irin na wannan safiyar ba. Kuɗin gyaɗarsa na shekara ne ke tsaye a turken.

Abin da ya faru a cikin tumbin ba ɓoyayye ba ne. A ma'aunin tsami, inda raguwar lamba ke nufin ƙaruwar tsami, tumbin sa mai cin ciyawa yana zama tsakanin 6 da 7. Halittun da ke cikinsa sun saba da kara, masu narkar da hatsi kaɗan ne. Idan hatsi ya sauka da yawa farat ɗaya, masu son sitaci sai su hayayyafa cikin sa'o'i, su zubo asid fiye da yadda jiki zai iya kwashewa. Hatsi kuma ba ya sa tuƙa, alhali yawun da sa ke haɗiyewa lokacin tuƙa shi ne ke kashe tsamin. Ma'aunin ya sauka ƙasa da 5.5, matsala ta fara. Ya kai 5 ko ƙasa, halittun da ke narkar da kara su mutu, tumbi ya tsaya, ya riƙa janyo ruwa daga jini, dabba ta bushe alhali cikinta cike da ruwa. Gubar da ke fita daga nan tana taɓa jijiyoyin jinin da ke cikin kofato, shi ne ɗingishin da muka gani.

Likitan dabbobi ya zo da hantsi. Ya sa aka janye dusa da masara gaba ɗaya, aka bar masa busasshiyar ciyawa, ya ɗura masa maganin kashe tsami, ya yi masa allurai, ya kuma hana a bar shi ya ɗirki ruwa da yawa a lokaci guda. Kawu ya tambaye shi ko kanwa ba za ta isa ba. Ya ce kanwa tana da amfani, domin gishirin da ke cikinta dangin maganin da ya ba shi ne, tana rage tsami, amma ɗan jiƙon da ake sa wa a dusa ba zai tare buhun hatsi ba. San ya farfaɗo bayan kwana huɗu. Sai dai ya zube, kuma ƙafafunsa ba su koma daidai ba har ƙarshen kiwon.

Ina ganin ba daidai ba ne a ɗauki wannan a matsayin ganganci. Kuskuren farko ne ya haifi na biyu. Wanda ya ɓatar da mako biyar yana ganin Sallah na tahowa, dole zuciyarsa ta raya masa ya rama a kwana biyu. Ko manyan gidajen turka na Amurka, inda hatsi ke kai kashi 80 cikin 100 na abincin ƙarshe ko fiye, sa yana ƙara kimanin kilo ɗaya da rabi a yini a kan kilo 6 na abinci ga kowane kilon ƙari, ba sa fara wa sabon sa da wannan haɗin. Kusan mako uku suke ɗauka suna hawa mataki-mataki.

Haɗin da muka tsaya a kai

Saura mako tara. Muka zauna da Kawu da Inna a zaure muka tsara abin da aljihu zai iya. Buntun shinkafa aka daina, ya koma shimfiɗar turke. Masara ɓarzajjiya ma aka ajiye ta, don dusa ta fi sauƙin kuɗi kuma ba ta tayar da tsami da sauri kamar tsabar hatsi. Abin da kowane sa zai ci a yini idan an kai ƙarshen hawa shi ne dusar masara kilo 3, tunkuzar angurya kilo 1, harawar gyaɗa kilo 2, karan dawa yankakke kilo 1, da gishiri da 'yar kanwa. Mun fara da dusa rabin kilo, muna ƙara rabin kilo duk bayan kwana biyu ko uku, muna duba kashinsu kowace safiya. Idan ya fara sakin jiki fiye da kima, sai mu tsaya a inda muke. Mako biyu aka yi kafin a kai cikakken awo.

Harawa ake fara zubawa da safe, sai sun ci sannan dusa ta biyo, kuma a raba ta biyu, safe da yamma. An gajarta igiyoyi yadda babu wanda zai kai komin wani. Ruwa sau uku a yini, domin a zafin bazara sa mai wannan girma yana shan lita 30 zuwa 40, kuma wanda bai sha ya ƙoshi ba ba zai ci ya ƙoshi ba.

A nan Inna ta koya mini abin da ba na cikin littafi. Dusa ba ɗaya ba ce. Ta ɗebo ta gida, ta surfe, ta damƙa a tafin hannu ta buɗe: ta dunƙule, ga ɗan maiƙo, ga tsaki fari-fari a ciki, ga nauyi. Ta ɗebo ta wani buhun kasuwa ta damƙa, sai ta watse kamar ƙaiƙayi, ta hura ta tashi. "Wannan an yi mata haɗi," in ji ta. "Sunanta dusa, amma ba ta da rai." Tun daga nan ba a sayen buhu sai ta sa hannu a ciki har gwiwar hannu, don masu haɗin sukan sa mai kyau a sama. Ni da nake lissafin megajul 11 zuwa 12 a kilon dusar masara, na gane cewa wannan adadin na dusar da ta dunƙule a hannun Inna ne kaɗai.

Haɗin gaba ɗaya kilo 7 ne, mai kimanin megajul 10 a kowane kilo, furotin kuma wajen kashi 12 cikin 100. Abu biyu suka tashi tare: kowane kilo ya fi ƙarfi, sannan san yana iya cin kilo da yawa don abincin yana saurin narkewa ya ba da wuri. Megajul 70 ke nan a yini. A cire 30, saura 40. Abincin ya ƙaru da ninki biyu kacal a ƙarfi, daga 35 zuwa 70, amma rarar da ke gina jiki ta tashi daga 5 zuwa 40, ninki takwas. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar shiga kai ga mai kallon farashin buhu kawai.

A mako taran nan ƙirjin matashin ya tashi daga santimita 149 zuwa 161, kimanin kilo 43, wato kusan giram 700 a yini. Lissafin takarda ya ce ya kamata ya kusa kilo guda. Giɓin ina ganin daga wurare uku ya fito: makonni biyun hawa da bai ci cikakken awo ba, ranakun tsananin zafi da yake barin abinci da rana, da kuma cewa yayin da yake ƙara nauyi kason riƙe jikinsa ma yana ƙaruwa. Wani ɓangare na saurin da ya yi a farko kuma ramako ne, domin dabbar da ta sha yunwar rani tana cike gurbi da sauri idan ta sami abinci, shi ya sa masu turka ke son ramammen sa mai lafiya. Duk da haka, ko da an lissafa masa cikakken awo kullum, kusan kilo 440 ya ci ya ba da 43, kimanin kilo 10 na abinci a kan kilo ɗaya. A makonnin kara, sama da 40 ne. Ko da kilon sabon haɗin ya ninka na tsohon sau uku a kuɗi, kilon naman da ya fito daga gare shi ya fi arha. Da na karanta wa Kawu wannan, sai ya ce, "Ashe dai araha ba ta ado, har a komin sa."

Babban ya bi wata hanya dabam, kuma shi ya fi ba ni abin tunani. Makonni shida na farko ya cika da sauri, tozonsa ya miƙe, gindin wutsiya ya yi taushi, haƙarƙari ya ɓace, gashinsa yana sheƙi. A makonni ukun ƙarshe kuwa tef ya kusa tsayawa, alhali yana share kominsa kamar kullum. Ƙashinsa ya gama girma, tsokarsa ta cika, abin da yake tarawa yanzu kitse ne. Tsoka kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, saboda haka gina kilo ɗaya nata ba ya cin ƙarfi mai yawa. Kitse kuwa kusan babu ruwa a cikinsa, kilo guda yana ɗauke da megajul 39. Abincin da zai ba matashi kilo biyu ko uku na tsoka, kilo ɗaya na kitse zai ba babba. Ta fuskar sikeli, ciyar da shi a waɗannan makonni asara ce.

Amma a kasuwar shanu ba da sikeli ake ciniki ba. Dillali yana zuwa ya dafa tozo, ya matsa gindin wutsiya, ya shafa bayan haƙarƙari, ya ja baya ya kalli yadda san ke taku. Mai sayen layya yana son sa da ya cika ido, mahauci yana son kitsen da zai sa nama ya yi kyau a teburi. Kitsen nan da ya ci mana abinci shi ne ya ɗaga kuɗin babban sama da na matashin, fiye da bambancin nauyinsu. Saboda haka ba zan ce a daina ciyarwa da zarar tef ya tsaya ba. Abin da na fahimta shi ne, babban sa gajeren kiwo yake so, wata biyu ko ƙasa da haka, a auna ranar kasuwa a lissafo baya. Da an sayo shi daga baya, ko da an fara masa haɗin kirki tun ranar farko aka fitar da shi da wuri, da makonnin da ya yi yana ƙona megajul 30 kullum a banza sun zauna a aljihun Kawu. Matashi shi ne ke jure dogon kiwo yana biya.

Irin wannan lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, wadda ta samo asali daga gonar dabbobi da aka kafa a 1928, ta daɗe tana gwada turkar Bunaji da Bokolo da dusa da angurya da harawa, irin abincin da ke kasuwanninmu. Abin da ke damuna shi ne nisan da ke tsakanin wannan sani da turken bayan gida, inda galibin shanun Sallah suke fitowa. Tef ɗin tela da littafin makaranta guda sun isa su nuna wa mutum a mako na biyu cewa kominsa ba ya aiki, tun kafin ya kai mako na biyar.

Ranar kasuwar ƙarshe kafin Sallah aka fita da biyu, babban da matashin, kuma duka sun tafi kafin azahar. Mai Baƙin Kunne bai je ba. Ƙarin da ya yi a mako taran bai kai rabin na matashin ba, cinsa yau da yawa gobe kaɗan, kuma ba zai iya takawa zuwa bakin titi a ɗora shi a mota ba tare da ɗingishin ya fito fili ba. Kawu ya ce a bar shi ya ga damina. Aka kwance shi daga turke aka mayar da shi fadama a kan ɗanyar ciyawa, inda ƙasa ke da laushi. Sai bayan wata biyu aka yanke masa kofaton da ya yi tsawo, ga wani layi kwance a jikin kowane kofato, wanda ya riƙa saukowa ƙasa a hankali yayin da sabon ke tsirowa daga sama.